Shuri Bakwai Da Na Goge Daga Faifan Kakana

Zuwa ga Uwargida Shiomi,

Ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, don ranar ce mahaifiyata ta ɗiba mini: ko in mayar wa kakana kayansa, ko in daina taka gidanta.

Shekarata ashirin da biyu. A watan Maris na gama karatun injiniyan sauti, a Afrilu na kama aiki a wani ƙaramin kamfani a Fujisawa da ke kwafe tsofaffin tef zuwa kwamfuta. Ina rubuto miki da ɗinki huɗu a girar hagu, kakana ne ya fasa ta. Shi kuma an yi masa ɗori a yatsu biyu na hannun hagu, ni na karya su. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Kakana Noboru shekararsa saba'in, yana gyaran injin jirgin ruwa a Hiratsuka. A watan Agusta na 1966, lokacin da samarin gaɓar tekun nan suka haukace da jitar lantarki da kiɗan masu hawan igiyar ruwa, shi da ƙanensa Katsumi da abokansu biyu suka yi faifai guda. Sunan ƙungiyarsu Shirwa Huɗu. Kwana biyu suka yi suna ɗauka a ɗakin ajiye ƙanƙarar kifi na tashar jiragen ruwa, saboda kaurin bangonsa. Waƙa goma sha ɗaya, minti ashirin da bakwai da daƙiƙa arba'in. Kwafi ɗari uku aka buga.

Ba don na kakana ba ne, faifan nan babban aiki ne. Su huɗu suke kaɗawa lokaci guda a gaban makirfo uku, wanda ya kuskure kowa ya koma farko. Mai ganga an tura shi bakin ƙofa an tare shi da katifa don kada ya danne sauran. Muryoyin sau biyu suka rera su, ɗaya kan ɗaya, kuma na yi sa'o'i ina neman inda suka saɓa ban samu ba. An haɗa sautin ne don lasifika guda, irin ta ƙaramar rediyon da ake ajiyewa a kan yashi. A makaranta muna da layin sauti fiye da ɗari a kwamfuta, amma ban taɓa jin aikin wani ɗalibi ya matse mini ƙirji kamar waƙa ta shida ba.

Bana faifan yake cika shekara hamsin. Sauran biyun, Fukazawa mai jitar gindi, wato mai kaurin sauti, da Orihara mai ganga, suka ce tunda an samu gwana a gida, in shirya shi a sake fitarwa. Kaka ya ciro asalin tef ɗin daga ƙarƙashin barguna, ya miƙo mini, ya ce, "Mai digiri, kada ki ɓata mini kaya." Da na buɗe kwalin na ji warin ruwan khal, alamar tef ya fara ruɓewa. Maigidana a wurin aiki ya duba ya ce zai iya jure juyi biyu, ƙila uku. Na juya shi sau ɗaya na kwafe.

A wurare bakwai cikin faifan akwai wata ƙara kamar rufin kwano ya faɗo, har allurar awon sauti ta bugi ja. Na san abin da ke kawo ta. Sautin jitarsu yana bi ta wani akwatin amsa-kuwwa mai sifirin a ciki, in aka yi karo da akwatin sai sifirin ɗin su gwabzu. A littafinmu na aji biyu an jera wannan cikin aibobin ɗaukar sauti. Kuma cikin kwalin akwai takarda da aka rubuta lokuta bakwai da jan fensir, na farko daƙiƙa ta goma sha huɗu a waƙar farko. Na gwada, duka bakwai sun dace. Sai na ɗauka mai ɗaukar sautin ne ya lissafa ɓarnar da ya kasa gyarawa. Kundin kammala karatuna a kan cire ƙara daga tsohon sauti na yi shi. Kwana goma sha tara na yi ina cire su har babu tabo. Ban faɗa wa kowa ba, so nake su ji da kunnensu su yaba.

Ranar Lahadi da ƙarfe uku na rana muka haɗu a shagon Kaka. Tsofaffin uku suka zauna kan akwatuna suna shan shayin sha'ir mai sanyi, Orihara yana tsokanar Fukazawa wai haƙoran robarsa sun fi jitarsa riƙe kiɗa. Na kunna. Da aka zo daƙiƙa ta goma sha huɗu, su ukun suka ɗaga ƙafar dama a tare suka shuri iska. Ba abin da ya fito. Ƙafafun suka tsaya a sama.

Kaka ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya ce, "Ina Katsumi?"

Na zaci tsufa ne ya taɓa shi. Na ce masa Katsumi ya rasu tun kafin a haifi mahaifiyata, sannan na zaro takardar ina bayanin aibobi bakwai, har da murmushina.

Babbar sifana ya ɗauka. Ya fara da lasifikar, ya koma kan kwamfutata da ɗan akwatin ajiyar bayanai da ke maƙale da ita. Sau tara, na ƙirga. Na wawuri kwalin tef ɗin, da ma na zo da shi ne in mayar masa. Ya cafki wuyan rigata ya ce, "Mai kunnen roba, kin wanke mini ƙane kamar kwanon miya." Ya maka ni da bakin ƙofa, jini ya rufe mini ido. Fukazawa ya shiga tsakani ya sha gwiwar hannu, haƙoransa suka faɗa cikin farantin baƙin mai. Ni kuma na sa kafaɗa na bangaje Kaka da duk ƙarfina. Ya tafi da baya, hannunsa ya shige tsakanin wani injin jirgi da benci. Na ji ƙarar ƙashin. Na fita da gudu da kwalin a ƙirjina.

A asibiti Fukazawa ya zauna kusa da ni, bakinsa a shafe, ya ba ni labarin da ba wanda ya taɓa ba ni. Katsumi ba ya sa takalmi in yana kiɗa. Da gangan yake shurin akwatin, haka 'yan jitar wancan zamani suke yi, ƙarar ita ce fashewar igiyar ruwa. Shi ya rubuta lokutan da jan fensir don mai ɗauka ya shirya ya rage ƙarfi. A rana ta biyu farcen babban yatsan ƙafarsa ya fita, ya ci gaba da shuri, jini a siminti. Jitarsa tana ƙarƙashin ta Kaka, da ƙyar ake rarrabe su, don haka shurin nan ne kaɗai inda ake jin sa shi kaɗai. A Satumbar shekarar da ta biyo baya ya shiga teku da allonsa na hawan igiyar ruwa gab da guguwa, ba a ga ko gawarsa ba. Fukazawa ya ce, "Yarinya, ga mu zube kamar busasshen kifi, kilomita biyu da gidanku. Me ya hana ki tambaya?"

Na aika mahaifiyata ta gaya wa Kaka ban taɓa asalin tef ɗin ba, a kan kwafi na yi aiki. Ya ce ƙona shi zai yi, don muddin tef ɗin yana duniya, in shi ya mutu wata mai digirin za ta sake wanke shi. Ranar Talata da safe ya zo ɗakin da nake haya da ƙarfen ɓamɓare ƙusa, da hannu ɗaya ya yi ta dukan ƙofata minti goma sha ɗaya har maƙwabta suka kira 'yan sanda. Sun tambaye ni ko zan shigar da ƙara. Mahaifiyata ta ce jika ba ta kai kakanta gaban hukuma, in je in sunkuyar da kai in ba shi abinsa.

To amma kwafin farko, wanda ban taɓa ba, yana cikin kwamfutar da ya farfasa. Abin da ya rage shi ne wankakken, wanda na bar kwafinsa a ofis. Faifan garmahon da ke hannunsa ya goge, yana tsalle a huɗu daga cikin wurare bakwan. In ya ƙona tef ɗin nan, da hannunsa zai ƙarasa abin da na fara.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da na ji ƙashinsa ya karye, daɗi na ji. A ofishinmu akwai na'urar maganaɗisu da ke shafe tef cikin daƙiƙa biyar. Sau biyu ina tsayawa gabanta da kwalin a hannu, ina cewa in shafe kowa ya rasa. Wannan ya fi ƙarfen nasa ba ni tsoro. In ba shi? In ɓoye? In kai shi ƙara? Mutumin nan shi ya koya mini iyo, a bayansa na fara shiga teku.

Mai Ɗinki Huɗu, Fujisawa

*

'Yata Mai Ɗinki Huɗu,

Da farko, gobe ki ɗauki kwalin nan ki damƙa wa maigidanki na wurin aiki ya kulle shi inda ba ki da makulli. Wadda ta tsaya sau biyu gaban na'urar shafewa kada ta jira na uku. Daɗin da kika ji kuwa, mutumin da ake buga kansa da ƙofa yakan ji haka in ya kuɓuta. Kare kanki kika yi. Tsoron da abin ya ba ki ya ishe ni shaida a kan halinki. In ya ci gaba da cin ki, ki nemi likita ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mini.

Kakanki ya yi laifi, kuma baƙin cikin shekara hamsin bai wanke shi ba. Na Lahadi a ce zuciya ce ta ɗebe shi. Na Talata kuwa da shiri ya zo, da ƙarfe a hannu. Ki karɓi takardar likita a kan raunin ki adana, ki sa 'yan sanda su rubuta abin da ya faru ko da ba ki shigar da ƙara yanzu ba. Kada ki sake haɗuwa da shi ke kaɗai. In ya dawo ƙofarki, ki shigar, mahaifiyarki ta yi fushinta ta huce. Tana son gida ya lafa ne, amma ba ita aka ɗinke wa gira ba.

Ke ma da naki. Kin ji faifan da kyau, kin gane katifar mai ganga da muryoyin da aka ninka, kin yaba su fiye da yadda masu sharhi da yawa za su iya. Amma kin yarda da littafi da takarda, kika bar mutum uku masu rai. Faya-fayan wancan zamani abin da ya sa har yau ake neman su shi ne ana jin ɗakin da mutanen da ke cikinsa: numfashi, gumi, ƙafa. Injiniya ba ya cire abu daga aikin wani sai ya tambayi mai shi ko da gangan aka sa. Ki riƙe wannan har ki bar aiki.

Game da tef ɗin, ajiyarsa ce a hannun kakanki, amma aikin mutum huɗu ne, biyu daga cikinsu kuma su suka nemi a ceto shi. Ki kira Fukazawa da Orihara ofishinku. In sun amince, a gabansu maigidanki ya juya tef ɗin sau ɗaya a kwafe shi yadda yake, ba gyara, ba shara, da sauti guda kamar yadda aka yi shi. Kowannensu ya tafi da kwafi. Wankakken kuma ki shafe shi a gabansu, ga amfanin fushin naki. Su rubuta, su buga hatiminsu, cewa ba za a taɓa shuri bakwan nan ba ko bayan ransu. Abin da kakanki yake tsoro ke nan, kuma takarda da hatimin abokansa za su fi bakinki shiga kunnensa yanzu.

Sannan Fukazawa, ba ke ba, ya kai masa tef ɗin da kwafin da gajeriyar wasiƙa daga gare ki. Ki ba da haƙuri a kan Katsumi kawai, ki kira sunansa. Kada ki ba da haƙuri a kan jinin da aka zubar miki, wannan haƙurin daga wajensa zai fito, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Ƙila ya zo da shi, ƙila ya kasa. In ya ƙona tef ɗin, ya ƙona nasa, ƙanensa yana nan a hannun mutum biyu. Amma ban cika zaton mutumin da ya kwantar da abu ƙarƙashin bargo shekara hamsin zai kyasta masa ashana ba, in dai ya ji ƙarar ta dawo wurinta.

Ki roƙi Fukazawa, in ya kunna masa, kada ya kalli fuskarsa. Ya kalli ƙafarsa ta dama a daƙiƙa ta goma sha huɗu, ya zo ya ba ki labari.

Ina miki fatan girarki ta warke ba tabo, yatsunsa su koma kan jita, kunnenki kuma ya daɗe yana aiki.

Shiomi