Abayar da Ba Ni Na Zaɓa Ba

Hindawiyya, Makka.

Zuwa ga ƙanina Sadisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Zubaidatu da yara gaba ɗaya. Yaya ƙafar taka? Maƙwabcinka Alhaji Ya'u, da ya zo umara, ya ce min har yanzu da ɗingishi kake zuwa masallaci, kuma ka ƙi asibiti, wai man zafi ya ishe ka. Taurin kan nan naka tun kana yaro na san shi, amma don Allah ka je a duba. Mu nan sai godiya. Maigidana Malam yana fama da hawan jini amma da sauƙi, ya rage fita da tasi sai da safe kawai. 'Yata Khalida tana nan tana aikinta na karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. Ranar Juma'a na yi ɗawafi na sa ku duka a addu'a, musamman amaryarmu Saudat. Allah ya sa a yi bikin nan lafiya, ya ba su zaman lafiya da mijinta.

Alhaji Ya'u zai kawo muku jaka. A ciki akwai dabino da turare da abayar da Saudat za ta sa ranar walima. Na san idan Zubaidatu ta buɗe za ta ce ko Yaya ta fara rowa ne, domin baƙa ce wuluk, ba dutse ko ɗaya, ba zare mai ruwan gwal, sai wani siririn ɗinki a bakin hannu da sai ka ƙura ido za ka gani. Kai kam ba za ka lura ba, tunda atamfa da labule duk ɗaya ne a wurinka. Shi ya sa na ga gara in rubuto maka yadda aka yi, don abin ya tsaya min a rai.

Ka san lokacin da na baro Malumfashi Saudat tana goye. Ka kuma san yadda maganar takardunmu take, yau a ce iƙama, wato takardar izinin zama, gobe a ce kafili, wato ɗan ƙasar da zai tsaya mana, har ban taɓa samun zuwa gida ba. Ban ga tatatarta ba, ban ga saukarta ba. Abin da nake da shi kawai tsakanina da 'ya'yanka shi ne tsarabar da nake ba alhazai su kai muku duk shekara. Sai in yini a kasuwar Utaibiyya ina ɗaga wannan ina ajiye wancan, ina neman wadda ta fi duwatsu da walƙiya, don idan yarinya ta shiga taro a juyo a tambaye ta wa ya aiko, ta ce Gwaggonta ta Makka. Da wannan nake jin sunana bai ɓace a garinmu ba. Zubaidatu kuma kullum ta kira sai ta ce kaya sun yi kyau, kowa yana tambaya. Ni kuwa na ɗauka haka ɗin ne.

Da maganar biki ta taso na shirya zuwa kasuwa, sai Khalida ta ce za ta raka ni. Na yi mamaki, don yarinyar nan ba ta son cunkoson Utaibiyya, ita sai manyan kantuna masu sanyi. Muka je. Duk wadda na ɗauka sai ta yamutsa fuska ta janye ni gaba. Na ga wata ruwan zuma, tun daga wuya har ƙasa duwatsu, na ce to ga ta amarya, sai ta ce mu ƙara dubawa. Nan na sha jinin jikina. Muna dawowa gida na tsare ta na ce sai ta faɗa min abin da ake ciki. Ta yi ta kame-kame, Hausar tata da ma ba ta kai ta kawo ba, ta koma Larabci, daga baya ta ɗauko waya ta kunna min saƙon murya. Ashe Saudat ce ta aiko mata.

Sadisu, muryar 'yarka daɗi gare ta, irin ta marigayiya Innarmu sak. Ta yi gaisuwa cikin ladabi, sannan ta roƙi Khalida ta taimaka ta zaɓa mata da kanta, kada ta bari Gwaggo ta zaɓa, kuma kada Gwaggo ta ji. Sauran maganar rabinta Turanci ne. Na sa Khalida ta yi ta maimaita min tana fassarawa, zan rubuta maka kalmomin yadda kunnena ya ji su. Saudat ta ce tana son abu simful, wato marar tarkacen ado. Tana son ya zama kilasi, wanda Khalida ta ce shi ne mai aji, irin kayan da ba sa neman a kalle su amma sai an kalla. Akwai kuma elegan, shi ma kusan haka ne, kyau mai natsuwa. Har nan ban ji komai ba, na ce ai ni ma abin da nake nema ke nan.

Sai aka zo kan kalmomi biyu da Khalida ta so ta tsallake, na hana. Ta farko filashi. Khalida ta ce mai ɗaukar ido ne, na ce to madalla, ai yabo ne. Ta sunkuyar da kai ta ce a'a, ba a faɗar ta don yabo, ana faɗa ne idan ƙyalƙyalin ya yi yawa har mai kayan ta zama abin kallo, kuma ba a faɗa wa mutum a gaban idonsa. Ta biyu ol-fashin, tsohon yayi. Saudat ta ce kayan Gwaggo suna da tsada, ta sani, amma duk haka suke, ko ɗaya ba ta taɓa iya sawa ta fita ba, suna nan jibge a akwatin Mama, wannan karon kuma ranar aurenta ce ba ta son ƙawaye su yi mata dariya. Khalida ta ce ita ta daɗe da sani, don tana ganin hotunansu a waya, ba ta taɓa ganin ko gyale ɗaya nawa a jikinsu ba.

Sai ta so ta rarrashe ni da wata kalma, wai bintej. Ta ce shi ma tsohon kaya ne, amma alhazan Turai da ke sauka a otal ɗinsu nema suke yi suna alfahari da shi, wataƙila wata rana nawa ma su zama haka. Na tambaye ta to mene ne bambancinsa da ol-fashin, tunda duk tsufa ne. Ta yi tunani ta ce shekarun ɗaya ne, sai dai shi bintej akwai wanda har yanzu yake son sa. Ita ba da wata manufa ta faɗa ba, amma ni sai na tashi na shiga kicin. Ta biyo ni ta dafa ni ta ce, "Ummi, halas, ya isa haka, ba ke ce ba ta so ba, kayan ne."

Na sani. Ban ji haushin Saudat ba, kuma kada ka kuskura ka yi mata faɗa ko ka nuna mata na ji. Yarinya ce mai kunya, da marar kunya ce da tuni ta faɗa min. Zubaidatu ma na san kara ta yi min, duk da dai da ta daure ta gaya min tun farko da ya fi min wannan. Abin da yake damuna shi ne, ni ina nan ina zaɓa wa matan Malumfashi na zamanin da na baro, ashe garin ya yi gaba ya bar ni a tsaye. Na yi ta tufatar da yarinyar da na ƙirƙira a raina, ita kuwa ta gaskiyar ta girma ban san kalar da take so ba. Da ina kusa, da kallon fuskarta kaɗai ya ishe ni in gane.

Washegari muka koma. Na ce wa Khalida ta yi shiru, ni zan yi magana. Na tsaya gaban mai kanti na ce masa simful, kilasi. Ko murmushi bai yi ba, da alama kullum yana jin su, ya miƙo guda uku. Na dube su, wallahi ban ga bambancinsu ba, duk kamar na zaman takaba. Khalida ce ta nuna ta tsakiya, ni kuwa na biya na riƙo leda.

Ka ce wa Zubaidatu ta buɗe akwatin nan ta raba kayan. Akwai tsofaffi irina a unguwa da za su yi murna da su, ta fara da Mailafiya ta bayan masallaci idan tana raye. Sannan ina roƙon abu ɗaya, a ɗauki Saudat hoto cikin abayar nan a turo wa Khalida, don ba ni da hotonta ko ɗaya sanye da abin da ya fito daga hannuna.

Ka gaishe min da Zubaidatu da Sufyan da Hudaifa da auta Shifa, da duk wanda ya tambaye ni. Malam da Khalida suna gaishe ku. Ka riƙe min kan amarya ka sa mata albarka a madadina. Idan ranar walima wani ya tambayi wa ya aiko mata, ta ce 'yar'uwarta Khalida ce ta zaɓa, don ita ce gaskiya.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka Batulu.