Baƙin keken da zai kai ni Kuru

Zuwa ga ƙawata Ngozi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Mama da Baba da ƙannenki. Ni ce Zuwaira, maƙwabciyarki ta da, wadda kike kira Shiru-shiru. Ban san gidan da kuka koma a Kuru ba, shi ya sa zan liƙa takardar nan a allon sanarwar makarantarmu. Akwai 'yan Kuru a cikinmu. Duk mai son karantawa ya karanta, wanda ya san ki ya kai miki labari.

Ngozi, na yi keke.

Kin tuna babana ya ce in na ci jarrabawar shiga sakandare zai saya mini? Na ci. Wata Asabar ya rufe shagonsa na ɗinki, ya kai ni wurin mai sayar da kekuna a Tina Junction. Gwaggo Asabe ta biyo mu, wai za ta taya ni zaɓe.

Muna isa mai kekuna ya jawo wani jan keken mata, sabo fil, da kwando a gaba da ƙararrawa. Gwaggo ta ce shi ke nan, ga na zuwa niƙa, ga na zuwa Islamiyya. Baba ya gyaɗa kai. Ba wanda ya tambaye ni, don kowa ya san ko an tambaye ni ƙasa zan kalla.

Sai na tuna babanki a shagonsa na kayan keke, lokacin da kike koya mini tuƙi da kekensa, ƙafata ta ƙarƙashin sanda. Yakan ce: "Kai yarinya, ba a sayen keke da ido. Sa masa kaya, ka ji abin da zai ce."

Ni kuwa da kayana na je. Na naɗe bargona da 'yar tabarma a cikin buhu tun daga gida. Na sa buhun a kwandon jan keken, na tura shi kaɗan, sai kansa ya hau rawa kamar ɗan akuya a igiya. Kariyarsa ta baya, wurin ɗora kaya, kuma siririya ce, da yatsa biyu na lanƙwasa ta.

Can bayan shagon na hango wani baƙi, na hannu, fentinsa duk ya goge. Keken maza ne mai sanda a tsakiya, tayarsa mai faɗi, kariyarsa mai kauri. Na ɗaure buhun a kan kariyar da roba, na hau, na zaga. Ko gezau bai yi ba.

'Yan acaɓa suka yi ta dariya. Ɗaya ya ce Hajiya Makka za a tafi ne? Mai kekuna ya ce wannan na masu dakon dankali ne, ba na 'yan mata ba. Gwaggo ta rufe baki da mayafi, ta ce na zubar mata da mutunci a bakin titi. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi, me zan yi da bargo a kan keke.

Na ce Kuru zan je wurin Ngozi, in kwana, gari ya waye mu wuce Vom.

Baba ya juya, muka koma gida ba keke.

Kin manta alkawarinmu? Muna aji huɗu muka ce sai mun je Vom da ƙafafunmu a kan feda, mu ga manyan shanun madarar nan da idonmu. Sannan aka yi rikicin da aka yi a garin nan. Kuka loda kaya a mota, ko sallama ba mu yi ba. Tun daga nan abin da nake ji ke nan: can ba wajenmu ba ne, nan ba wajensu ba ne. To ni ba da ni aka yi wannan rabon ba. Ranar da zazzaɓi ya kusa kai ni lahira, mamanki ce ta goya ni zuwa asibiti. Wanda ya ce in manta da wannan, shi ya fara manta wanda ya goya shi.

Gwaggo ta ce in karɓi ja ko in rasa duka. Na ce na ji, zan ci gaba da zuwa makaranta a ƙasa. Keken da iyakarsa injin niƙa, ban so. Baba bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na yi kuka a bayan ɗaki, amma ban janye ba.

Shekaranjiya na dawo daga makaranta, sai ga baƙin keken a jingine a ƙofar shagon Baba. A kan kekensa na ɗinki kuma ga wata jaka ta tsohon tamfol mai kusurwa uku, ya auna ta daidai da ƙarƙashin sandar, da igiyoyin ɗaurewa. Famfo zai shiga, da kayan faci, da gorar ruwa. Ga kuma dogon wando da zan sa a ƙarƙashin hijabi. Bai ɗago kai ba ya ce: "Ba ni na aike ki ba. Amma nima na yi wa tsohon kekena faci, kada ki yi gudun da zan kasa bin ki."

Gwaggo har yau ba ta amsa gaisuwata. Ina gaishe ta kullum.

Ngozi, na yi kewarki. Ba ni da wanda zan yi wa surutu, sai shiruna ya ƙaru.

Asabar ɗin farko ta hutu za mu taso. Ki tsaya a bakin babban titi da hantsi. In tudu ya fi ƙarfina zan sauka in tura, amma ba zan juya ba. Keken nan ba shi da ƙararrawa, don haka sunanki zan ƙwala da ƙarfi, duk Kuru ta ji.

Allah ya tsare ki, ya tsare hanya, ya kwantar da hankalin garinmu. Allah ya sa ki gane ni, don na yi tsawo. Amin.

Taki har kullum,
Zuwaira Shiru-shiru