Ƙafar Baba a kan birki

Daren Asabar, Gyaɗi-Gyaɗi

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu muka tashi cire wa tsohuwar jif ɗin Baba iskar birki, don ita kaɗai ke iya hanyar ƙauyenmu da damina. A da shi ke shiga ƙarƙashinta, ni ina takawa. Tunda ya yi jinya muka yi musanya.

Na sassauta noti, na ce, "Baba, taka!"

Ko ɗigon mai bai fito ba.

"Ina takawa mana, Sani!"

Da na leƙa, ƙafarsa rawa kawai take a kan birkin. Na koma ƙasa, na ce masa bututun ne ya toshe.

Ya ce, "Sabo ne. Ni na sa shi."