Sunan Baba Malam a Saman Takardar

Kazaure,
Asabar, 17 ga Agusta.

Zuwa ga Yayana Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Khairiyya da yara. Allah ya sa karatun da ya kai ka Malesiya ya zo ƙarshe lafiya, ya dawo mana da ku cikin alheri. Mu nan duk lafiya lau. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan 'yar'uwarmu Sadiyya da kanta, sai dai ta ce in gaya maka muryarka a waya ba ta ƙosar da ita. Damina ta zauna sosai, dam ya cika, duwatsun bayan gari sun yi kore shar, geron gonar Yankwashi kuma ya fara fitar da kai.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne in turo ta waya, don in na kira ka kuka zai riga ni magana. Wallahi kaina ya ɗaure, kuma kai ne ka san halin masu ba da tallafin nan. Ka san a kwalejinmu ina koyar da malaman firamare masu ƙaro karatu, waɗanda ke zuwa ranar Asabar kawai daga Babura da Roni da Gwiwa. Da damina rabinsu ba sa isowa. Akwai wata Malama Zara daga wani ƙauye bayan Gwiwa, mai goyo, da ta gaya mini sai ta hau kan dutse take samun sabis ɗin da za ta sauke darasi, wani lokaci ta sauko hannu rabbana. Amma na lura wa'azi da waƙa ba sa yi musu wuyar samu, a rumfar mai caji ake zuba musu a katin memori. Sai na ce to me zai hana darasi ya bi wannan hanya? Mu naɗi darussa da murya da ɗan bidiyo, mu zuba a kati, su saurara a gida ko babu sabis, a kuma sa ƙaramin sola a cibiya uku don caji.

Ana haka wata gidauniya ta yi shelar za ta tallafa wa manyan makarantu a kan koyarwa da na'urorin zamani. Wata huɗu na yi ina fama. Na hau mashin na zaga ƙauyuka ina tambayar ɗalibai irin wayar da suke riƙewa, na dawo na zauna da fom ɗin da ya fi littafi kauri. Nan a ce rubuta burinka, can a ce rubuta manufarka, gaba kuma a ce sakamako daban, tasiri daban. Ni duk abu ɗaya nake gani, ina so Malama Zara ta daina hawa dutse! Haka dai na yi ta gogewa ina sakewa har takardar ta tsaya da ƙafarta.

To ga inda na kwafsa. A shafin farko akwai gurbin jagoran shiri. Yaya, ka gaya mini, da wane hannu zan rubuta Zaituna a wurin alhali Malam Daudu na nan? Shi ne shugaban sashenmu, aminin marigayi Baba, shi ya ɗauke ni a motarsa ranar da na fara aiki. Ni ko sunansa ban iya kamawa, sai dai in ce Baba Malam. A wajenmu kowace takarda ta fita sunan babba ne a sama, ban taɓa ganin an yi wani abu daban ba. Na sa sunansa a jagora, na sa nawa a mataimakiya, na kai masa. Ko shafin farko bai tsaya karantawa ba, ya ce ai aikin Zaituna ba ya buƙatar dubawa, ya sa hannu, ya yi mini addu'a mai tsawo. Na fito ina murna, ban san abin da na ƙulla ba.

Makon jiya saƙo ya zo cewa mun shiga zagayen ƙarshe. Kafin in gama hamdala na karanta sauran. Za su yi ganawa ta bidiyo ranar Alhamis mai zuwa, da jagoran shiri shi kaɗai, domin a ƙa'idarsu jagora shi ne wanda ya tsara abin da kansa kuma zai gudanar da shi. In za a canza jagora, sai an aika da dalili a rubuce ta hannun shugaban kwaleji kafin yammacin Litinin, su kuma suna iya karɓa, suna iya cire mu gaba ɗaya. Ashe wannan ƙa'ida tana cikin fom ɗin tun farko. Na karanta ta kuwa, amma na ɗauka irin maganar takarda ce da ba mai bi.

Na nemi shawara, na ƙara rikicewa. Maigidana Abban Asma'u ya ce abu mai sauƙi ne, in zaunar da Baba Malam in koya masa amsoshi, ai rabin awa ce. Inna ta ce ko kusa kada in kuskura in cire sunan dattijo daga takarda, saura wata takwas ya yi ritaya, da wane ido zan kalli iyalinsa? Wata abokiyar aikina kuma ta ce in ban gyara yanzu ba, ranar da gidauniyar ta gano za ta rufe ƙofarta ga kwalejin baki ɗaya. Kowa na ji ya yi magana sai in ga shi ne mai gaskiya, har sai na ji na gaba.

Na bi shawarar maigida. Shekaranjiya bayan la'asar na je ofishin Baba Malam. Yaya, da ka gan shi da ka tausaya mana mu biyu. Ya sha babbar riga, ya zauna gaban kwamfutata, ya buɗe sabon littafin rubutu, ina faɗa yana rubutawa. Sai a lokacin na gane shi duk zatonsa ɗakin kwamfuta za a gina mana, har ya yi wa mutane albishir a masallaci. Na bayyana masa batun katin memori, ya juya shi a tafin hannu, ya ce yanzu wannan ɗan abin ne zai ɗauke darasin zango guda, Allah mai iko. Ya haddace amsoshin tsaf, ka san kansa. Amma da na jefa masa tambayar da ba ta cikin jerin, sai ya koma kan ɗakin kwamfuta. Can ya tambaye ni, in suka ce wane ƙauye ya je ya gana da ɗalibai, me zai ce. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce ya ce musu Gwiwa. Ya rufe littafin a hankali, ya ce rabonsa da Gwiwa shekara shida, kuma ta'aziyya ce ta kai shi. Ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, domin aminin ubana na zaunar ina koya wa ƙarya.

Jiya da safe ya aika aka kira ni. Ya miƙo mini takarda da ya rubuta da hannunsa zuwa ga shugaban kwaleji da gidauniyar. A ciki ya ce bai rubuta ko kalma ɗaya a shirin ba, ya sa hannu a abin da bai karanta ba, wannan sakaci ne daga gare shi, yana roƙon a mayar da aikin ga mai shi. Ya ce in buga in kai da kaina ranar Litinin. In kuma ban so, in yaga, shi zai zauna ranar Alhamis, abin da ya sani ya faɗa, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Na ce masa wannan takarda in ta shiga ofis, kafin azahar kowa ya ji, mutumin da ya yi shekara talatin da uku ba a taɓa kama shi da sakaci ba. Ya ce ya sani. Ya ce ɗaliban nan su ɗari da arba'in ne, shi kuwa mutum ɗaya ne, kuma ya kusa tafiya gida.

Ka ga inda nake. In na yaga, ranar Alhamis za a kunyata shi a gaban baƙi, shirin ya rushe. In na kai, ya tozarta a gaban yaran da suka taso a hannunsa, kuma ba tabbas gidauniyar ta yarda. Yau da rana Malama Zara ta tare ni a bakin aji, zaninta duk taɓo, ta tambaye ni yaushe za a fara rabon katin. Na ce mata ta ci gaba da addu'a, na wuce da sauri.

Da na dawo gida na sake karanta takardarsa, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Ko sau ɗaya bai ce ni na sa sunan ba. Ya kwashe laifin duka ya ɗora wa kansa, alhali bai roƙe ni ba, bai ma san da gurbin ba. Don haka na zauna na rubuta tawa. Na ce ni na karanta ƙa'idar na tsallake ta, ni na rubuta sunansa ba da saninsa ba, kuma abin da ya sa na yi, a wajenmu yaro ba ya shiga gaban babba. Ban sani ba ko mutanen can za su fahimci wannan, ko za su ɗauke ni maƙaryaciya. Kai da ka zauna da irinsu, don Allah ka kira ni gobe Lahadi ka gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba. In akwai wata hanya da ban gani ba, ka nuna mini.

In babu, ranar Litinin zan kai takardun biyu, tawa a sama, tasa a ƙasa. Inna ba ta sani ba tukuna, kuma ban san yadda zan gaya mata ba. Abin da ke sa ni hawaye, Yaya, wannan ne karo na farko a rayuwata da sunana zai zo gaban na Baba Malam, kuma a takardar amsa laifi ne.

Ka gaishe mini da Anti Khairiyya ƙwarai, da Muhammad Sani da Nafisat, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Inna na sa muku albarka. Sadiyya da mijinta da Abban Asma'u duk suna gaisuwa. Ka sa ni a addu'a, ka sa Baba Malam ma.

Taka ƙanwa mai jiran kiranka,
Zaituna