A-kori-kura Ta Maƙale a Giya ta Biyu

Ragnhild,

Idan mutum ya sa wa a-kori-kurarsa sabon inji da hannunsa, ta saka masa da wulaƙanci, wa ya ci amanar wani? Tun safe nake juya tambayar, ban samu amsa ba.

Inji yana tashi lafiya lau. Sai dai in na taka birki, waifa ta kama rawa, sigina ta taya ta. Giya kuwa ta kafe a ta biyu, kamar gadonta ce. Na canza fis, na duba man giya, na bi wayoyi. Kowa ya ce ba shi ba ne.

Tumakinmu suna kan dutse, rediyo ta ce ƙanƙara za ta sauka gobe, ga shi babu motar sauko da su. A haka sai dai mu je musu ta'aziyya.

Na cire kan batir, kada ki mayar da shi, wata waya tana ɗaukar zafi.

Na ari kekenki, na tafi garejin yayanki Terje, sarkin masana. E, na rantse ba zai taɓa min mota ba. Ki yi dariyarki ki gama kafin mu iso.

Eilif