Manhajar Yayana Ta Buɗe Idon Da Na Rufe

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana uku ke nan ko falo na kasa fitowa.

Shekarata sha shida. Ni ba mai surutu ba ce, littattafan soyayya ne ƙawayena, har bango nake zana musu a wata manhajar gyaran hoto ta kyauta. Manhajar tana jera hoto hawa-hawa, kowane hawa da ɗan ido a gefensa. In ka rufe idon, hawan ya ɓuya.

Yayana da abokansa huɗu sun yi watanni suna aikin sa kai don manhajar ta yi aiki a wani tsarin kwamfuta daban. Ranar da ta fara buɗewa har rawa ya taka a kicin. Ya roƙi hoto mai hawa da yawa don gwaji, na ba shi bangon da na fi so, saurayi da budurwa ƙarƙashin lema. Shaf na manta a bayan fuskar saurayin akwai ta Dogo, abokinsa, da na yanko daga wani hotonsu. Akwai kuma hawan da na rubuta abin da bakina ba zai iya maimaitawa ba, da sunana a ƙasa. Duk na rufe idanunsu.

Ashe a sabon tsarin ido ba ya rufuwa! Komai ya fito. Yaya ko karantawa bai yi ba, yana murna ya gano matsala a manhajar, ya tura wa abokansa hoton. Kuma Dogo aka ba gyaran. Dogo, Anti! Mutumin da ko gaisuwarsa ba na iya amsawa da ƙarfi.

Jiya ya aiko Yaya ya gaya min wai ya gyara, ba abin da zai ƙara fitowa. Me yake nufi? Da a littafi ne, da na sani. In goge musu aikin ne, ko in gudu gidan Gwaggo?

'Yar Shiru

'Yata 'Yar Shiru,

Sannu, wannan kunya ko babba sai ta kwantar da shi. Amma kada ki taɓa aikinsu. Wahalar watanni ce, kuma gogewa ba ta cire abin da mutum biyar suka riga suka gani.

Yayanki ya yi ganganci da bai duba ba. Ki same shi yau, ya cire hoton daga inda ya tura, ya kuma ja bakin abokansa. Ke ma da naki: fuskar mutum ba kayan ado ba ce da za a yanka ba izini. Ki goge wannan hawan.

Saƙon Dogo kuwa, kada ki nemo masa fassarar littafi. Ya rufa miki asiri ne cikin mutunci, ya bar miki hanyar gaishe shi ba tare da an tada zancen ba. Ki karɓi hakan yadda yake.

Gwaggo tambayoyi za ta yi miki, ki zauna gida. Ki fito falo yau, ko da kanki a sunkuye. Kada kuma ki daina zane. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya yi wa hannunki albarka.

Antinki