Wata Bakwai na Babanki

Al-Murabba, Riyad, 1986

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ta kamaci 'ya ga uwarta, ina sanar da ke cewa muna nan lafiya, ni da Baban Amina da yara. Shi yana aiki a asibiti, ni ina koyarwa a sashen mata na jami'a. Shekara uku ke nan da rasuwarki, kuma yau ce rana ta farko da na ji dole sai na kawo miki ƙara. Ƙarar ƙaninki ce, Kawu Sule.

Wata biyu da suka wuce wani ɗan garinmu ya sauka a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, ya kawo mini kaset daga Kawu. Na sa a rediyo ina yankan albasa. Bayan gaisuwa ya ce kwamitin gari zai buga ɗan littafin tarihin sarakunanmu, kuma an zaɓe ni in rubuta, tunda ni ce na je har ƙasar Turawa na karanta tarihi. Na ji daɗi, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Sai can wajen ƙarshe ya rage murya ya ce, "Binta, in kin zo kan Baba, ki tsallake. Wata bakwai ba sarauta ba ce, kuma gidan da ke mulki yanzu ba sa son a tayar da maganar."

Na ajiye wuƙar na maido kaset ɗin baya har sau uku. Babansa fa yake nufi, Inna. Babanki.

Kin tuna ranar da na gaya miki abin da zan karanta a Sukotlan, can arewacin Birtaniya? Kina tankaɗe a tsakar gida na ce miki tsofaffin rubuce-rubucen sarakunansu zan bincika. Kika dube ni kika ce, "Namu sarakunan sun ƙare ne?" Duk gidan aka yi dariya, har da ni. Amma ke kika haɗa mini yaji da daddawa a gwangwani, kika ce in na gama da nasu in dawo.

Ban taɓa ba ki labarin abin da na tarar ba. Na ɗauka zan ga manyan littattafai cike da bayani. Abin da aka nuna mini jerin sunayen sarakuna ne kawai, wanda malaman coci suka kwafa da hannu a kan fata, da Latinanci: wane ya yi shekara kaza, wane ya kashe shi, an binne shi a wani tsibiri. Shi ke nan. Da yawa an rubuta su ne bayan waɗanda ake magana a kansu sun daɗe da zama ƙasa. Wani jerin ya saɓa wa wani. Daga baya ma, da rigima ta haɗa su da maƙwabtansu Ingilishi a kan wa ya fi tsufan sarauta, sai aka tsawaita jerin da sarakunan da babu alamar sun taɓa rayuwa, aka kai asalinsu har ga wata 'yar Fir'auna.

Malamata a can wata tsohuwa ce mai tari, ba ta rabo da rigar sanyi ko da rana. Kullum abin da take ce mini shi ne, "Kada ki tambayi jeri ko gaskiya yake faɗa. Ki tambaye shi wa ya rubuta shi, kuma wa yake kan mulki a ranar."

A cikin waɗannan jerin akwai wani sarki da ya yi 'yan watanni aka kashe shi. Waɗanda suka gaje shi ba su ƙaunace shi ba, har laƙabin wawa aka manna masa. Amma wani mai kwafa, wanda ba wanda ya san sunansa, ya zauna a cikin wannan sanyi ya rubuta sunan da watanninsa. Bai yabe shi ba. Ya dai ƙi tsallakewa. Ranar da na karanta layin nan sai da na fita daga laburaren na tsaya a bakin titi, domin muryarki nake ji.

Ke ma haka kike yi. In kina mini kitso sai ki jero sarakunan garinmu tun daga na farko, kowane da shekarunsa, kina jan gashina a kan kowane suna. In kin zo kan na goma sha ɗaya, bakinki ba ya iya kiran sunan mahaifi, sai ki ce, "Sai Baba, wata bakwai." Sunan kuwa sau ɗaya na ji shi daga gare ki, a gadon asibiti, kika ja kunnena kusa da bakinki kika ce, "Alu ɗan Gwamma. Ki riƙe."

Ba ki taɓa ce mini waliyyi ba ne. Kin ce yana da zafin rai, ya taɓa marin wakilinsa a gaban jama'a. Kin kuma ce da Bature ya aiko a ba shi samari don aikin tilas na haƙar kuza, sai ya ce ba shi da ko ɗaya, aka tuɓe shi aka kai shi wani gari, can ya rasu. Duka biyun na rubuta, Inna, marin da ƙin. Na buga da tafireta a teburin cin abinci, na sa takardar kabon ya fito kwafi uku ban da na asali.

Baban Amina ya karanta ya ce, "Khalas, a bar maganar, Binta, layi ɗaya ne. Kawunki ne fa ya ɗauke ki a keke ya kai ki makaranta lokacin da kowa ya ce a bar ki a gida." Gaskiya ya faɗa. Na san kuma abin da ke damun Kawu: ɗansa yana neman a naɗa shi mai unguwa, kuma a hannun gidan da ke mulki abin yake. Na kwana biyu ina juya maganar. Na ma zare takardar na sake bugawa babu layin, na ga yadda na goma ya miƙa wa na goma sha biyu sumul, kamar ba a taɓa haihuwar mutumin da ya haife ki ba. Na yayyaga ta.

Na aika wa Kawu cikakken. Makon jiya amsa ta iso, kaset ɗin ko minti biyu bai kai ba. Kawu ya ce an ba wani malamin firamare aikin, littafin zai fito babu sunana babu na Baba, kuma in na zo hutu kada in taka ƙofar gidansa.

To, su buga nasu. Kwafi ɗaya na tura laburaren jami'ar da na fara karatu, ɗaya ga tsohuwar malamata, na ukun yana cikin akwatin da nake ajiye iƙama, wato katin izinin zama, da fasfo. Duk wanda ya zo bincike bayanmu zai tarar da jeri biyu, ya zauna ya tambayi dalili.

An buga mana bizar fita da dawowa, watan gobe za mu taho gida. Zan je gidan Kawu, Inna. Zan cire takalmi a zaure, in durƙusa in gaishe shi yadda kika koya mini, in miƙa masa dabino da turaren da na saya masa. In ya kore ni zan tashi in tafi, washegari in komo. Abin da ba zai ji daga bakina ba shi ne na tuba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sada ki da mahaifinki a inda ba a tuɓe kowa. Allah ya sanyaya zuciyar Kawu, ya ba ɗansa abin da yake nema in alheri ne. Ni kuma ya ba ni ladabin da zan tsaya a kan maganata ba tare da na ɗaga masa murya ba. Amin.

Taki har kullum,
Binta